Tarihin Joseph Lister, Likitan da Ya Gano Hanyar Kare Rauni Daga Ruɓewa Bayan Tiyata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, da ke 'yar'uwa, da wuya a sami dangi a yau da ba a taɓa yi wa wani nasu tiyata ba. Wata an ciro mata jariri ta ciki, wani an yi masa aikin gwaiwa, wani an gyara masa ƙashin da ya karye a hatsarin mota. Mukan kai majiyyaci asibiti, a yanka a ɗinke, bayan 'yan kwanaki a cire zare ya koma gida, kuma ba ma ganin abin mamaki a ciki.

To ka sani, Allah Ya ƙara maka lafiya, a tsakiyar ƙarni na 19 na Miladiyya al'amarin ba haka yake ba. A manyan asibitocin Turai, idan aka yanke wa mutum goma ƙafa ko hannu, kusan huɗu daga cikinsu ba sa fita da rai. Aikin yakan yi kyau, sai bayan kwana uku ko huɗu raunin ya fara ruɓewa, zazzaɓi ya rufe majiyyaci, ya tafi. Wanda ya fi kowa aiki wajen sauya wannan hali shi ne wani likita Bature, Kirista, mai suna Joseph Lister. Ga tarihinsa, da yadda ya bi mas'alar daki-daki har ya kai ga sababinta, da kuma inda ya yi kuskure ya dawo.

Asalinsa da tashinsa

An haifi Joseph Lister ranar 5 ga Afrilu, 1827 Miladiyya, wato 1242 Hijiriyya, a wani gari da ake kira Upton, gabas da birnin Landan a ƙasar Ingila. Iyayensa mabiya wata ɗariƙa ce ta Kiristoci da ake kira Quaker, mutanen da aka sani da sauƙin tufafi da ƙarancin magana da ƙin yaƙi. Mahaifinsa, Joseph Jackson Lister, attajiri ne, amma abin da ya fi shahara da shi shi ne gyaran madubin nan da ake duba ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya gani. Kafin shi madubin yakan nuna abu dishi-dishi, da launukan ƙarya a gefensa. Shi ya gano yadda za a jera gilasai har siffar abin ta fito sarai.

Saboda haka yaron ya tashi yana leƙa madubi tun yana ƙarami, yana feɗe kifi da ƙananan dabbobi, yana zana ƙasusuwansu. Ka riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba: yawancin likitocin fiɗa na zamaninsa ba su ɗauki madubin a bakin komai ba, shi kuwa da shi ya girma.

A 1844 ya shiga University College ta Landan, wadda take karɓar ɗalibi ba tare da duba ɗariƙarsa ba. Ya sami digirinsa na farko a 1847, sa'an nan ya shiga karatun likitanci ya kammala a 1852. Mutum ne mai kunya da natsuwa, yana da 'yar in'ina, ba ya son jayayya a bainar jama'a.

Halin asibitoci a lokacin karatunsa

Yana ɗalibi aka sami maganin sa barci. An fara nuna shi ga jama'a a birnin Boston na Amurka a watan Oktoba 1846, kuma a watan Disamba na shekarar wani likita mai suna Robert Liston ya yanke ƙafar wani mutum a asibitin jami'ar su Lister ba tare da majiyyacin ya ji zafi ba. Kafin wannan danne mutum ake yi a yi masa aiki yana kururuwa, gwanin likita kuwa shi ne wanda ya fi saurin hannu. Da zafi ya kau, sai likitoci suka ƙara yawan aiki, suka kuma ƙara daɗewa a cikin jiki. Amma mutuwa bayan aiki ba ta ragu ba.

Ka kwatanta ɗakin aikin a zuciyarka. Likita yana da tsohuwar riga ta musamman da yake sawa don tiyata, jini ya bushe a jikinta har ta sandare. Zaren ɗaure jijiya yana rataye a ramin maɓallinta. Soso guda ake wanke raunin wannan da na wancan da shi. Hannu kuwa an fi wanke shi bayan aiki, ba kafinsa ba. Cututtuka huɗu ne ke yawo a ɗakunan majiyyata: jan kumburi mai bin fata, da ruɓar nama mai cin rauni tana faɗaɗa shi, da gubar jini, da ƙuraje masu mugunya da ke ɓullowa a huhu da hanta. Mugunya ta zama ruwan dare har likitoci suka ɗauke ta wani mataki na waraka, suna murna idan ta fito mai kauri.

Game da sababi kuwa, wasu suka ce gurɓatacciyar iska ce mai wari da ke tashi daga juji da maƙabarta. Wasu suka ce iskar da muke shaƙa ita da kanta take ruɓar da nama idan ta taɓa shi. Idan haka ne babu dabara, domin ba a iya raba rauni da iska. Wani babban likita na Edinbara, James Young Simpson, ya tattara lissafin yanke gaɓoɓi kusan 2,000 da aka yi a asibitoci, da wasu kusan 2,000 da aka yi a karkara. Ya tarar a asibiti kusan huɗu cikin goma ne suka mutu, a karkara kuwa kusan ɗaya cikin goma. Har ya ba da shawarar a bar manyan gine-ginen asibiti a koma ƙananan rumfuna waɗanda za a riƙa rushewa ana sakewa.

Adalci ne a ambaci wani da ya riga Lister hango gefen gaskiyar. A 1847, a birnin Biyana, likita Ignaz Semmelweis ya lura mata masu jego sun fi mutuwa a ɗakin da ɗaliban likitanci ke karɓar haihuwa bayan sun fito daga feɗe gawa, fiye da ɗakin ungozomomi. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar ta faɗi ƙasa warwas. Amma manyan likitoci suka ƙi maganarsa, kuma Lister bai san da aikinsa ba sai bayan shekaru masu yawa.

Malaminsa da matarsa

A 1853 Lister ya tafi Edinbara a ƙasar Sikotland don ya ga aikin James Syme, wanda ake ɗauka babban likitan fiɗa na Birtaniya a lokacin. Ya je da niyyar ɗan gajeren zama, sai ya shekara bakwai. Syme ya ɗauke shi mataimaki, kuma a 1856 ya aura masa 'yarsa Agnes. Saboda ita ba 'yar ɗariƙar iyayensa ba ce, sai ya bar ɗariƙar ya koma cocin matarsa. Allah bai ba su haihuwa ba.

Agnes ta zama abokiyar bincikensa har ƙarshen rayuwarta. A gidansu suke gwaje-gwaje, yana duba madubi yana faɗa, ita tana rubutawa, har littattafan bincikensa da yawa da rubutun hannunta suke. A waɗannan shekaru ya duƙufa kan fahimtar kumburi. Yakan shimfiɗa siririyar fatar da ke tsakanin yatsun kwaɗo a ƙarƙashin madubi, ya taɓa ta da ruwan zafi ko wani abu mai ƙuna, ya ga yadda ƙananan jijiyoyi ke buɗewa jini ya cunkushe. Ya kuma yi bincike kan daskarewar jini. Daga nan ya san halin nama mai rai idan ya ji ciwo, amma bai gano abin da ke sa shi ruɓewa ba tukuna.

Tambayar da ta tsaya masa a rai

A 1860 aka naɗa shi farfesan tiyata a Jami'ar Gilasgo, a 1861 kuma aka ba shi ɗakunan majiyyata a babban asibitin birnin. Gilasgo gari ne na masana'antu da ƙera jiragen ruwa, kullum ana kawo ma'aikata da karaya. A nan ya tsaya kan wani abu da kowane maɗori ya sani. Idan ƙashi ya karye amma fata ba ta fashe ba, ko da ya ragargaje, yawanci yakan haɗe lafiya. Idan kuwa bakin ƙashin ya huda fata, ko da hujin ƙarami ne, sai mugunya ta taru, kuma sau da yawa sai an yanke gaɓar ko a rasa mai ita. Ashe masifar daga waje take shiga.

To iska ce? Lister ya lura da wata hujja da ke rushe wannan. Idan haƙarƙari ya karye ya soki huhu, iska takan fita daga huhun ta gauraya da jinin da ya taru a ƙirji, amma jinin ba ya ruɓewa. Ke nan laifin ba na iskar ba ne, na wani abu ne da take ɗauke da shi, wanda hanyoyin numfashi suke tacewa.

Wani abokin aikinsa, Thomas Anderson, farfesan ilimin sinadarai, shi ya nuna masa rubuce-rubucen Louis Pasteur na Faransa. Pasteur ya tabbatar da cewa tsamin nono da lalacewar romo aikin wasu ƙananan halittu ne masu rai. Ya tafasa romo a kwalba mai lanƙwasasshen wuya, inda iska ke shiga amma ƙura ke maƙalewa a lanƙwasar, romon ya zauna bai lalace ba. Lister ya maimaita gwajin da hannunsa da tafasasshen fitsari, ya ga haka ne. Sai ya yi ƙiyasi: abin da ke lalata romo a kwalba shi ne ke ruɓar da jini a cikin rauni.

Hanya uku aka sani ta kawar da waɗannan ƙwayoyi: tafasawa, da tacewa, da sinadari. Ba a tafasa ƙafar mutum, ba a tace ta. Saura sinadari. Ya sami labarin cewa a garin Carlisle ana zuba wani sinadari mai suna kabolik, wanda ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa, a ruwan ƙazantar gari, wari ya ɗauke, shanun da ke kiwo a filayen kuma suka daina kamuwa da cuta. Sai ya nemo shi.

Yaron da amalanke ta taka

Gwajinsa na farko a farkon 1865 bai yi nasara ba. Ranar 12 ga Agusta, 1865, aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 wanda tayar amalanke ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu, ƙashin ƙwauri ya karye, fata ta fashe. A al'adar lokacin, hukuncin irin wannan ƙafa yankewa ne. Lister ya sa aka ba shi maganin barci, ya wanke raunin da kabolik, ya rufe shi da ƙyalle jiƙaƙƙe da sinadarin, ya ɗaure ƙafar da karan ɗori.

Bayan kwana huɗu yaron ya yi kukan zafi. Wannan shi ne lokacin da mugunya ta saba bayyana. Da aka buɗe, babu wari, babu mugunya, sai dai sinadarin ya ƙona fatar gefen raunin. Lister ya sassauta ƙarfinsa da ruwa, daga baya da man zaitun. Bayan mako shida da 'yan kwanaki yaron ya fita asibiti da ƙafarsa. Wani abin lura shi ne, Semmelweis ya mutu a Biyana ranar 13 ga Agusta, 1865, kwana ɗaya bayan an kawo yaron nan, ba tare da ya ga an karɓi maganarsa ba.

Ƙidaya kafin da'awa

Lister bai fita yana shela saboda yaro ɗaya ba. Ya ci gaba da gwadawa kusan shekara biyu, yana rubuta halin kowane majiyyaci, wanda ya warke da wanda bai warke ba. Daga watan Maris zuwa Yuli 1867 ya wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta The Lancet. Cikin mutum 11 masu karayar da ta huda fata, 9 sun warke da gaɓoɓinsu, ɗaya an yanke masa, ɗaya ya mutu saboda zubar jini. A watan Agusta na shekarar ya yi bayanin ƙa'idar a taron likitocin Birtaniya a Dublin.

Ƙa'idar ta wuce zuba magani a rauni. Hannun likita, da wuƙa, da almakashi, da zare, da fatar da za a yanka, duk sai an wanke su da ruwan kabolik, kashi ɗaya na sinadari cikin ashirin. Bayan aiki a rufe raunin da ɗauri mai hawa-hawa don kada wani abu ya shiga, kuma duk ranar da za a sake ɗaurin a kiyaye kamar ranar farko.

A shekarar 1867 ɗin aka jarrabe shi a cikin gidansu. Yayarsa Isabella ta kamu da sankarar mama, aikin kuwa babba ne mai hatsari. Shi da kansa ya yi mata, a gidansa na Gilasgo, bisa sabuwar hanyar. Raunin ya warke bai ruɓe ba, ta ƙara shekara uku kafin cutar ta dawo mata a hanta.

A 1870 ya fitar da lissafin da ya fi ƙarfi. A shekaru biyu kafin sabuwar hanya, 1864 da 1866, ya yanke gaɓoɓin mutum 35, 16 suka mutu. Daga 1867 zuwa 1869 ya yi wa mutum 40, 6 suka mutu. Wato daga kusan kashi 46 cikin ɗari zuwa kashi 15. Ya kuma bayyana cewa an gano ramuka cike da akwatunan gawarwakin annobar kwalara ta 1849 dab da ɗakunan majiyyatansa. Da mugun wari ne sababi, da ɗakunansa sun fi ko'ina mutuwa.

Mas'alar zare

Akwai wata ƙofa da ta rage. Idan likita ya ɗaure jijiya da zaren siliki, yakan bar jelar zaren a waje, ya jira wurin ya ruɓe sa'an nan ya zare shi. Jelar nan hanya ce ga ƙwayoyin cuta, kuma wani lokaci jijiyar takan ɓalle jini ya tsinke. Lister ya koma ga zaren da ake murzawa daga hanjin tumaki. Wannan tsohon abu ne a likitanci. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013 Miladiyya, ya ambaci ɗinki da zaren hanjin dabba a littafinsa At-Tasrif. Abin da Lister ya ƙara shi ne tsarkake zaren da kabolik, da gwada shi. A ƙarshen 1868 ya ɗaure jijiyar wuyan wani maraƙi da shi, ya datse jelar, ya rufe raunin. Bayan wata guda aka yanka maraƙin, ya tarar jiki ya shanye zaren, nama mai rai ya maye gurbinsa. Daga nan aka sami damar rufe rauni gaba ɗaya.

Masu musu da masu karɓa

Kada ka zaci an karɓe shi hannu bibbiyu. Simpson ya soke shi. Wasu suka ce a nuna musu ƙwayoyin da ido ba ya gani. Wasu suka gwada rabin hanyar, suka zuba kabolik amma suka taɓa raunin da hannu mai datti, da ta ƙi sai suka ce ƙarya ce. Hukumar asibitin Gilasgo ma ta jingina raguwar mutuwar ga gyaran abinci da jinya da shigar iska. Kuma masu musun suna da abin kamawa: adadin majiyyatansa kaɗan ne, kabolik yana fasa hannun likita, hanyar tana cin lokaci, shi kuma yana yawan sauya ta.

A 1869 ya koma Edinbara ya gaji kujerar surukinsa. A 1871 ya ƙaro na'urar da ke fesa kabolik a iskar da ke kewaye da majiyyaci. A shekarar ce aka kira shi ya fasa wani ƙurji a hammatar Sarauniya Victoria, ya sa siririn bututun roba don ruwan ciwon ya riƙa fita, ta warke.

Jamusawa suka riga mutanen ƙasarsa karɓa. Richard von Volkmann a Halle, da Johann von Nussbaum a Munich, asibitocinsu sun cika da ruɓar rauni bayan yaƙin Faransa da Jamus na 1870. Da suka bi hanyar Lister sai cutar ta kusa ɓacewa. A 1875 ya zaga Jamus ana karrama shi. A 1876 ya je Amurka ya yi bayani a Philadelphia, manya da yawa ba su gamsu ba. Bayan shekara biyar aka harbi shugaban Amurka James Garfield ranar 2 ga Yuli, 1881. Likitoci suka yi ta cusa yatsu da ƙarafa marasa tsarki a raunin suna neman harsashi, raunin ya ruɓe, ya mutu ranar 19 ga Satumba.

A 1877 Lister ya bar ɗaukakar da yake da ita a Edinbara ya koma asibitin King's College a Landan, cibiyar masu musu, inda ɗalibai ƙalilan ne ke zuwa darasinsa da farko. A watan Oktoba na shekarar ya buɗe gwiwar wani mutum da ƙoƙon gwiwarsa ya karye, ya ɗaure ƙashin da waya. A wancan lokaci buɗe gwiwa da gangan ganganci ne a wurin likitoci. Mutumin ya warke ya taka da ƙafarsa.

Dawowarsa daga kuskure

Nan ne, a ganina, darajar mutumin ta fi bayyana. A 1878 Robert Koch na Jamus ya nuna cewa cututtukan rauni iri-iri kowace da ƙwayar da ke jawo ta. Alexander Ogston na Aberdeen ya gano ƙwayar da ta fi yawa a cikin ƙuraje. Bincike ya nuna hatsarin da ke cikin iska kaɗan ne idan aka gwada da na hannu da kayan aiki da fatar majiyyaci. Ke nan feshin da Lister ya shekara kusan ashirin yana amfani da shi, wanda ke shaƙe likita da majiyyaci, ba shi da fa'idar da ya zata. A 1890, a babban taron likitoci na duniya a Berlin, ya tashi a gaban jama'a ya bayyana cewa ya bar feshin, kuma yana jin kunyar ya taɓa yin umarni da shi.

Wasu kuma suka cika abin da ya bari. Shi kansa da tufafinsa na gida yake aiki, babu safar hannu, babu takunkumi. Ernst von Bergmann da Curt Schimmelbusch a Berlin suka kafa tsarkake kayan aiki da tururi mai tsananin zafi. William Halsted a asibitin Johns Hopkins na Amurka ya sa aka yi safar roba wajen 1890, da farko don kare hannun wata ma'aikaciyar jinya da sinadari ke ci. Takunkumin fuska ya biyo baya a 1897. An bar kabolik, amma asalin da ya kafa yana nan: kada a bar ƙwayar cuta ta isa rauni.

Ƙarshen rayuwarsa

A watan Disamba 1892 ya halarci bikin cikar Pasteur shekara 70 a Paris, ya yi masa godiya a madadin likitoci. A 1893 Agnes ta mutu da ciwon huhu suna hutu a Rapallo ta ƙasar Italiya, bayan shekara 37 da aure. Daga nan karsashinsa ya ragu, a shekarar kuma ya ajiye aikin asibiti. Ya shugabanci ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society daga 1895 zuwa 1900, aka ba shi sarautar Lord a 1897. A 1902, da ciwon afendis ya kama Sarki Edward na Bakwai dab da naɗinsa, an nemi shawararsa kafin a yi aikin, sarkin kuma ya tashi. Lister ya mutu ranar 10 ga Fabrairu, 1912, wato 1330 Hijiriyya, a garin Walmer, yana da shekara 84. An binne shi kusa da matarsa a Hampstead bisa wasiyyarsa.

Abin da ya rage gare ka

Binciken da ya fara bai ƙare ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari 29 kan kare raunin tiyata. Ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kashi 11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki raunin yana kamuwa da cuta, a Afirka kuma adadin yakan kai kashi 20 cikin ɗari ga matan da aka ciro wa jariri ta ciki. Daga cikin shawarwarin: majiyyaci ya yi wanka da sabulu kafin aiki, kada a aske wurin da reza domin tana barin ƙananan tsaga, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta dab da fara aiki, kuma kada a yi ta jan shansa bayan aiki babu dalili.

Saboda haka, ya kai mai jinya, rabin aikin yana hannunka bayan an sallamo ku. Ka wanke hannunka da sabulu kafin ka kusanci ɗaurin. Kada ka buɗe raunin don 'yan dubiya su gani. Kada a barbaɗa masa toka ko garin magani, ko a shafa masa wani mai, ba da sanin likita ba. Idan ka ga wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko zafinsa yana ƙaruwa, ko yana fitar da ruwa mai wari, ko zazzaɓi ya zo, ku koma asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku. Wanda kuma yake tsoron alwalarsa ko wankansa, to malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, da taimama ga wanda ruwa zai cutar, don haka babu buƙatar jiƙa rauni sabo. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Wallahu a'alam.